Babi na Uku: Kafin a Ɗaure Akwati

Idan aka ce saura mako guda yaro ya tashi zuwa karatu a ƙasar waje, gidansu ba ya ɓoyuwa. Tun daga zaure mutum zai ji ƙamshin yaji ana dakawa. Uwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da garin kunu, kowanne an ƙulle shi a leda biyu don kada wari ya kama tufafi. Goggo ta aiko da dambun nama, kawu ya sa an yi kilishi, tela na can yana fama da shadda kala uku. An aro sikeli a wajen mai shagon unguwa, ana ɗora akwati ana saukewa, a cire wannan a cusa wancan, domin kamfanin jirgi ya ce kowace jaka kada ta wuce kilo 23. 'Yan uwa na shigowa sallama, wannan ya damƙa masa 'yan dubbai, waccan ta ce, "Auta, ka riƙe salla, ka kula da abokai."

Can kuma a kan talabijin akwai wani ambulan mai ruwan ƙasa da ejan ya kawo tun makon jiya. A ciki akwai takardar samun gurbin karatu da rasiɗai da kwafin biza. Mutum biyu ko uku ne suka leƙa shi a gidan, su ma ba su karanta har ƙarshe ba. Alhali shekara huɗu ko shida da yaron zai yi a can, da miliyoyin da za a kashe, da irin aikin da zai iya samu idan ya dawo, duk a cikin wannan ambulan suke.

Shirin tafiya karatu daga ranar dawowa ya kamata a faro shi. Kafin a tambayi kuɗin jirgi, a fara tambayar abin da takardar da za a dawo da ita za ta iya yi a gida.

A ƙarshen watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya nuna yadda ya mallaki digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga hidimar ƙasa da takardar. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Janairun 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Masu sayen takarda sun sami abin da suka shuka, amma ba su kaɗai abin ya shafa ba. Akwai yaran da iyayensu suka sayar da gona ko shanu, suka je suka zauna da gaske, suka yi karatu shekara uku ko huɗu a makarantar da babu wanda ya bincika matsayinta kafin a biya kuɗin farko. Tambaya ɗaya a sashen tantance takardu na ma'aikatar ilimi a Abuja da ta raba su da wannan asara.

Masu karatun sana'o'in da ke da hukuma a kansu, nasu binciken ninki biyu ne. Wanda ya karanta likitanci a Masar ko Sudan ko Rasha ko Indiya ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma jarrabawa ce da ke kayar da mutane da yawa. Wanda ya karanta shari'a a waje, idan ya zo Makarantar Horas da Lauyoyi sai ya fara da wani zango na musamman inda zai koyi dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da waɗanda suka yi karatu a gida. Masu harhaɗa magunguna da injiniyoyi da ma'aikatan jinya kowa da tasa hukumar. A shekarar 2022, da yaƙi ya tarwatsa ɗaliban da ke karatu a Yukiren, jami'o'in can suka koma koyarwa ta intanet, sai MDCN ta sanar cewa ba za ta karɓi digirin likitancin da aka kammala ta wannan hanya ba. Hukuncin ya yi wa iyaye ciwo, amma yana da hujja, don ba a koyon duba maras lafiya ta fuskar waya.

Matsayin ƙasar ma abin dubawa ne. Arewacin Saifurus ya ja ɗaliban Najeriya da dama saboda sauƙin samun gurbi da rangwamen kuɗin makaranta. Sai dai yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. A 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu yankin, bayan mace-macen ɗalibai da aka kasa gano bakin zarensu. Akwai waɗanda suka je suka gama lafiya suka dawo. Amma uba ya san cewa idan wani abu ya sami ɗansa a irin wannan wuri, ƙofar da zai ƙwanƙwasa tana da nisa.

A nan ne maganar ejan take shigowa. Ba duka ne macuta ba, wasu na da rajista kuma suna taimaka wa iyalan da ba su san kan takardu ba. Abin da ya kamata a sani shi ne yawancinsu makarantar da suka kai wa ɗalibi ce ke biyansu la'ada, don haka makarantar da suke yabo ba lallai ita ce ta fi dacewa da yaron ba. Idan ejan ya ce, "Alhaji, ka bar komai a hannuna, ba sai ka wahalar da kanka ba," lokacin ne ya dace Alhaji ya sa ɗan ya rubuta wa jami'ar da kansa, ta adireshin da ke shafinta na intanet, ya tambaya ko takardar gurbin nan daga wajensu ta fito. Kuɗin makaranta kuwa a zuba shi a asusun makarantar, a karɓi rasiɗi mai sunanta. Duk wanda ya ce a turo ta asusunsa shi zai miƙa, a tsaya a yi tunani.

Sai batun suna, wanda ya fi addabar Bahaushe fiye da kowa.

Yaro sunansa Muhammadu Sani, ana kiransa Sani. A firamare malami ya rubuta Sani Garba. A takardar WAEC ya zama Mohammed Sani Garba. Da aka je yin katin ɗan ƙasa sai aka ƙara sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda aka saba tun zamanin makarantun kwana. A fasfo kuma aka rubuta Muhammad, aka sauya jerin sunayen. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in biza da ke zaune bayan gilashi, wanda bai taɓa jin yadda Hausawa ke raɗa suna ba, mutum huɗu yake gani. Haka ranar haihuwa: takarda ɗaya ta ce 1 ga Janairu saboda ba a riƙe ainihin ranar ba, wata ta ce Maris, wata ma an rage shekara biyu. Gyaran wannan ba aikin mako guda ba ne. Akwai takardar rantsuwa a kotu, akwai buga sanarwa a jarida, akwai jiran hukumar katin ɗan ƙasa ta gyara nata, sannan hukumar shige da fice ta bi sahu. Iyalin da ke da niyyar tura yaro waje, tun yana ajin ƙarshe na sakandare ya dace a baje takardunsa duka a kan tabarma ɗaya, a bi su harafi da harafi.

Bayan suna ya daidaita, ƙasashe da yawa ba sa karɓar takardar makaranta haka nan sai an buga mata hatimi. Hanyar a Najeriya sananniya ce: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kuma wasu na son a fassara takardun zuwa harshensu. Masu neman digiri na biyu su kuma sai sun karɓo cikakken sakamakon jarrabawarsu na shekara-shekara daga tsohuwar jami'arsu, abin da kan ci watanni. Fasfo ya kasance da sauran rai mai tsawo, domin wanda ya rage ƙasa da wata shida ba a yarda da shi a wurare da dama, kuma sabunta shi a ƙasar waje ya fi wuya da tsada. Akwai katin rigakafin shawara. Ingila na neman gwajin tarin fuka daga asibitin da ita ta amince da shi, ba kowane asibiti ba.

Kuɗi ne inda lissafin iyaye ya fi karyewa, kuma ba don ba su iya lissafi ba. Suna lissafa shekarar farko da farashin dala na ranar, su ninka sau huɗu, su ce Allah zai rufa asiri. A watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai kusan 1,500. Uban da ke biyan dala 5,000 a shekara, wanda ya saba haɗa naira miliyan biyu da dubu ɗari uku, ya wayi gari ana neman miliyan bakwai da rabi a hannunsa, makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, albashinsa ko cinikinsa kuma bai ninka ba. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila ya bazu: kuɗin da suka tara ya narke, suka kasa biya a kan lokaci, aka dakatar da wasu daga karatu, aka ce su bar ƙasar. Mai hali ya sayi kuɗin ƙasar da za a je tun da wuri ya ajiye, ko ya biya gaba idan makaranta ta yarda. Wanda ƙarfinsa bai wuce shekara ɗaya ba, gara ya faɗa wa kansa gaskiya tun yaro bai hau jirgi ba, domin dawowa a aji biyu hannu rabbana ya fi rashin tafiyar ciwo.

Ƙasashen ma sun san da wannan, shi ya sa suke neman shaida. Ingila na son ta ga ragowar kuɗin makaranta da na zaman wata tara sun kwana 28 a jere a asusu. Jamus na sa ɗalibi ya zuba kuɗin shekara a wani asusu da ake kullewa, ana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata, kuma tun daga Satumbar 2024 adadin ya kai yuro 11,904. Akwai masu ba da hayar kuɗi a zuba a asusu don a nuna wa ofishin jakadanci, bayan an sami biza a mayar musu da riba. Wanda ya bi wannan hanya kansa ya yaudara, don ranar da mai gidan haya ya zo karɓar kuɗinsa babu takardar banki da za ta biya shi. Dogaro da cewa yaro zai yi aiki ya riƙe kansa shi ma gurguwar shawara ce. A Ingila awa 20 a mako doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu, wasu ƙasashen kuma bizar ɗalibi ba ta ba shi izinin aiki sam.

Mutanen Nijar ba su ga irin wannan faɗuwar kuɗi ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Tasu jarrabawar ta siyasa ce: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, daga bisani ta rufe ofishin jakadancinta, ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka rasa inda za su kai takardunsu.

Tallafin karatu na gwamnati alheri ne babba. Ɗalibai 501 da gwamnatin Kano ta tura waje a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, da waɗanda suka biyo bayansu, da yawa 'ya'yan talakawa ne da ba su taɓa mafarkin hawa jirgi ba, yau kuma suna koyarwa a jami'o'i ko suna aiki a asibitoci. Amma gwamnati na sauyawa, kasafi na makara. Wasu ɗaliban Kano da suka gama karatu a Arewacin Saifurus sun shekara da shekaru takardunsu na riƙe saboda bashin da makaranta ke bin jihar, sai a 2025 aka biya aka sako su. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai sun sha yin watanni babu alawus. Ko da an ce komai kyauta ne, gida ya tanadi abin da zai riƙe yaron wata uku ko huɗu idan aka ji shiru.

Yanzu a dawo kan akwatin nan da ke bisa sikeli.

Kuka da kuɓewa da yaji galibi suna wucewa idan an busar da su sosai kuma an faɗa wa jami'an kwastan da aka tambaya. Kilishi da dambun nama kuwa, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka duk sun hana matafiyi shiga da nama daga Najeriya. Idan aka gani za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Goro haramtacce ne a Saudiyya. Magani ma abin kula ne: tiramadol da ake saye a kemis ɗin unguwa na iya kai mutum kurkuku a Masar, haka magungunan da ke da kodin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mai ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya ya tafi da wasiƙar likita, maganin kuma ya kasance a cikin kwalinsa na asali.

Abu mafi wuya ga Bahaushe shi ne ƙin karɓar saƙo. Maƙwabci zai zo da ƙullin leda ya ce a kai wa ƙaninsa, wani a filin jirgi zai ce kayansa sun yi nauyi a taimaka masa da jaka ɗaya, kunya kuma ba za ta bar yaro ya ce a'a ba. A Disambar 2018 aka kama wata ɗalibar jami'a a Kano da ta je Umara a Saudiyya, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Wata huɗu ta yi a tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, kafin bincike ya wanke ta. Ita ba ma karɓar saƙo ta yi ba. Uba ya zaunar da ɗansa ya ba shi izini a fili: saƙon da ba a buɗe a gabanka ba kada ka ɗauka, ko na wane ne, idan an yi fushi ka ce ni na hana. Yaron kuma ya ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a liƙa masa, ya tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunansa.

Sanyi kuwa sai an ɗanɗana. Hunturun Kano da ake kuka da shi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, a Mosko kuwa yakan kai 20 ƙasa da sifili. Rigar sanyin da aka saya a Kwari ta isa sauka daga jirgi zuwa masauki, amma babbar riga da takalmin dusar ƙanƙara a can ake sayensu, don haka a ware kuɗinsu. Lokutan salla ma suna rikiɗa. A Landan cikin Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin awa huɗu, daidai lokacin da ake aji. Idan azumi ya faɗo a tsakiyar bazararsu, yakan haura awa 18. Mai zuwa Azhar kuma, ko da ya haddace littattafan nahawu a zaure, zai tarar da Larabcin kasuwar Alƙahira daban yake da na littafi, sai ya yi haƙuri ya saurara na 'yan watanni. Kuma yaro ya koyi girki kafin ya tafi. Wanda bai taɓa dafa shinkafa da miya da hannunsa ba, kuɗin wata zai ƙare masa a gidan abinci cikin kwana goma.

Makon farko bayan sauka yana da nasa dokoki. A Indiya mai bizar dogon zama sai ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14. A Maleshiya akwai gwajin lafiya cikin kwana bakwai. A Masar da Saudiyya igama, wato takardar izinin zama, ita ce rayuwar baƙo, wanda ya bari tasa ta mutu yana yawo ne da fargaba. Ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta garin da ofishin jakadanci su san da zuwansa.

Amfanin wannan na ƙarshe ya fito fili ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dubban ɗaliban Najeriya ne a birnin, akasarinsu daga Arewa, da yawa 'yan mata masu karatun likitanci da jinya. Tun ranar farko filin jirgi ya rufe. Bankuna suka rufe, wuta da ruwa suka yanke, kuɗin da iyaye ke son turowa ya rasa hanyar isa. Wanda ke da 'yan daloli a ƙasan akwati shi ya iya sayen burodi da ruwa, har ya taimaki na kusa da shi. Sai bayan fiye da kwana goma motocin da gwamnati ta yi haya suka fara kwasar mutane daga harabar Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, suka nufi iyakar Masar, tafiyar kusan kilomita dubu cikin hamada. A iyakar ma aka yi kwanaki ana kwana a fili kafin Masar ta bari a wuce. Rukunin farko ya sauka Abuja daren 3 ga Mayu, wasu kuma ta Port Sudan aka fito da su.

A irin wannan tafiya babu mai ɗaukar akwati biyu. Jaka ɗaya ce a kafaɗa, kuma abin da ake tambaya a kowane shinge shi ne fasfo. Shi ya sa ɗalibi bai kamata ya bar nasa ya daɗe a hannun ejan ko ofishin makaranta da sunan sabunta igama ba. Idan an karɓa, ya bi sawu har ya dawo hannunsa, ya kuma ajiye hotonsa a waya da imel, kwafi ɗaya kuma a gida wajen mahaifinsa.

Da ɗaliban suka dawo, hukumar JAMB ta buɗe hanyar shigar da su jami'o'in gida. Kowace jami'a kuma abin da za ta fara so ta sani shi ne aji nawa mutum ya kai, waɗanne darussa ya ci, kuma ina shaida. A lokacin, ofisoshin da ke riƙe da waɗannan bayanai suna Khartum, a rufe, harsashi na wucewa ta kansu. Ɗalibar da ta saba karɓar sakamakonta mai hatimi a ƙarshen kowane zango, ta ɗauki hotonsa ta tura wa mahaifinta, tana da abin da za ta ajiye a kan teburin magatakarda. Wadda ta bari sai ta gama ta karɓa gaba ɗaya, shekara huɗu na karatunta ba su da mai ba da shaida sai bakinta.